Yadda ake gane alamomin farko na raunin lafiyar hankali ga ma'aikata

An tanadi wannan bayani domin duk wanda yake da mutane a ƙarƙashinsa: shugaban ma'aikata a ofis, majo a gidan likita, daraktan makaranta, jagoran ƙungiyar manoma, mai garejin gyaran mota, mai shagon ɗinki, ko uwar ɗakin da mata ke aiki a hannunta. Zai kuma amfani wakilan ma'aikata da ƴan ƙungiyar ƙwadago. Ko da yake da "kai" aka yi maganar, ke ma da ke ake.

Ma'aikaci yakan shafe awa takwas ko fiye a wurin aikinsa kowace rana. Saboda haka sau da yawa abokan aiki ne ke fara ganin cewa wani abu ya canza gare shi, wani lokaci ma kafin iyalinsa su lura. Abin takaici shi ne yadda ake fassara wannan canji. Akan ce lalaci ne, ko raini, ko girman kai. Sai a ba shi takardar neman ba'asi, a yanke masa albashi, daga ƙarshe a sallame shi. Ta haka ciwon da za a iya magancewa cikin ƴan watanni yake raba magidanci da hanyar abincinsa, ma'aikata kuma ta rasa mutumin da ta ɗauki shekaru tana horarwa.

Mece ce lafiyar hankali?

Da yawa daga cikinmu idan aka ambaci ciwon hankali, mahaukacin da ke yawo a kasuwa ne ke zo mana a rai. Wannan kaso ne ƙanƙane. Mafi yawan masu fama da matsalar suna sanye da tufafi masu tsabta, suna zuwa aiki, suna amsa gaisuwa da "lafiya lau", alhali zuciyarsu tana cikin ƙunci.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta bayyana lafiyar hankali da cewa yanayi ne da mutum yake iya jure wahalhalun yau da kullum, ya yi amfani da basirarsa, ya koyi abu, ya yi aiki da kyau, ya kuma amfani al'ummarsa. Wannan lafiya tana ƙaruwa tana raguwa kamar lafiyar jiki. Babu wanda ya fi ƙarfin ta taɓu, mai ilimi ko marar ilimi, mai ibada ko mai sakaci.

Alƙaluman OMS sun nuna cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da wani nau'in ciwon hankali, kuma kashi 15 cikin 100 na manyan da suka kai shekarun aiki abin ya shafe su. A watan Satumba na 2022 OMS ta fitar da ƙa'idojinta kan lafiyar hankali a wurin aiki, tare da wata takarda ta haɗin gwiwa da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato OIT. A ciki an ƙiyasta cewa ciwon baƙin ciki da na fargaba suna jawo asarar ranakun aiki miliyar 12 kowace shekara, abin da ya kai kimanin dalar Amurka miliyar 1000. Ɗaya daga cikin shawarwarin da aka bayar shi ne a horar da shugabannin ma'aikata su iya gane damuwa a jikin mutanensu, su kuma san yadda za su tunkare ta.

Ma'aunin farko: mutum da kansa za ka gwada shi

Kada ka gwada ma'aikaci da abokin aikinsa. Ka gwada shi da yadda ka san shi a da. Wani tun asali mai shiru ne, shirunsa ba alama ba ce. Amma idan mai barkwancin ofis, wanda ba a shan shayi sai da shi, ya koma zama shi kaɗai yana kallon bango, wannan abin lura ne. Haka nan mai sanyin hali da ya fara faɗa da kowa.

Tambayoyi uku za su taimake ka:

- Wannan hali sabo ne gare shi?
- Ya daɗe? Kwana biyu ko uku na ɓacin rai kowa yana yi. Idan abin ya kai mako biyu kusan kullum, ya wuce a yi shiru.
- Ya fara taɓa aikinsa, ko mu'amalarsa da mutane, ko kulawarsa da kansa?

Alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Taruwar alamomi da daɗewarsu ne ke nuna akwai matsala. Ka kuma riƙe wannan: aikinka shi ne lura da tambaya da taimako. Faɗin sunan ciwon aikin likita ne.

Alamomin da ake gani a cikin aiki

- Makara da fashi ga wanda ba a san shi da su ba, musamman fashin kwana ɗaya-ɗaya da ake ta maimaitawa da uzurin ciwon kai ko ciwon ciki.
- Kurakurai a aikin da ya ƙware a kansa. Akawun da lissafinsa bai taɓa tashi ba ya fara tsallake lamba; tela ya yanka yadi ba bisa awo ba; ma'aikaciyar jinya ta manta rubuta awon yaro.
- Mantuwa da rashin tara hankali. Ana yi masa bayani yana gyaɗa kai, bayan minti goma ya dawo yana tambayar abin da aka ce.
- Kasa yanke shawara a kan ƙaramin abu, ko jinkirta rahoto har lokacinsa ya wuce.
- Ƙananan haɗurra: direba ya gogi gini, makanike ya yanke hannu, mai gadi ya bar ƙofa a buɗe.
- Gudun wani wuri ko wani aiki ba tare da bayani ba, kamar ƙin fita rangadi ta wata hanya, ko ƙin shiga ofishin wani mutum.

Akwai kuma alamar da shugabanni ba su cika ganewa ba, domin tana kama da ƙwazo. Mutum ya riƙa zuwa tun da asuba, ba ya tashi sai dare, ba ya karɓar hutunsa, amma aikin da yake fitarwa bai ƙaru ba. Wani gida yake gudu, wani kuwa tsoron kora ne ya hana shi zama.

Alamomin da ake gani a hali da mu'amala

- Janye jiki daga mutane. Ya daina zama a fada, ya daina cin abinci tare da sauran, ba a ganinsa wurin suna ko ɗaurin aure ko ta'aziyyar abokan aiki.
- Saurin fushi, ko zafin magana a kan abin da bai kai ya kawo ba. Maza da yawa ba sa kuka a gaban mutane, sai baƙin cikinsu ya fito ta hanyar faɗa.
- Kuka ko cikar ido da hawaye ba tare da wani dalili na fili ba.
- Firgita idan an buga ƙofa ko taya ta fashe, da yawan waige-waige.
- Rashin tausayi ga waɗanda yake yi wa hidima, bayan an san shi da kirki. Malamin makaranta ya fara dukan yara, ungozoma ta fara yi wa masu naƙuda tsawa.
- Zargin cewa kowa yana ƙulla masa sharri.

Alamomin da ake gani a jiki

A ƙasarmu kunya da haƙuri sukan hana mutum ya ce "raina a ɓace yake." Ya fi masa sauƙi ya ce jikinsa ne ba daɗi. Don haka damuwa takan fara bayyana da koke-koken jiki: ciwon kai da ba ya jin magani, zafi a tsakiyar kai, faɗuwar gaba, nauyi a ƙirji, ciwon baya da wuya, jiri, ko jin kamar wani abu yana yawo cikin jiki. Mutum yakan je gidan likita sau uku ko huɗu, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro ba a ga kome ba, ya dawo da ciwonsa. Ba ƙarya yake yi ba; ciwon yana jin sa da gaske.

Ka lura kuma da rama ko ƙiba ta farat ɗaya, jan ido da gyangyaɗi saboda rashin barci, kasala tun da safe, rawar hannu, da sakaci da tsabta ga wanda aka sani da ado.

Alamomin da ake ji a magana

Ka saurari irin kalmomin da suka fara yawa a bakinsa: "Na gaji da kome." "Ba ni da wani amfani." "Ni ne matsalar gidanmu." "Tunani ya yi mini yawa, ba na barci." Kalmar "tunani" musamman kada ka raina ta, domin da ita mutane da yawa suke kiran abin da likitoci ke kira ciwon baƙin ciki.

Kuɗi da ƙwaya

Yawan neman a ba shi wani abu daga albashi kafin ƙarshen wata, cin bashi wurin kowa, da zuwan masu bin bashi har bakin ofis, suna iya zama sanadin damuwa, suna kuma iya zama sakamakonta. Haka shan ƙwaya. Tramol, wanda asalinsa maganin ciwo ne mai suna tramadol, ya yaɗu tsakanin masu aikin ƙarfi, direbobi da ƴan kabu-kabu, domin suna ganin yana kashe gajiya. Yana kama jiki, yawansa kuma yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wasu kuma diazepam suke saye wurin masu tallar magani a titi don su samu barci, wasu giya suke sha a ɓoye. Idan ka ga ma'aikaci da safe yana rawar jiki da fushi, bayan ya ɗan fita ya dawo garau, ka yi tunanin wannan. Sau da yawa ƙwayar rufi ce a kan wani ciwo da ke ƙarƙashi.

Matsalolin da aka fi samu a bayan waɗannan alamomi

Ciwon baƙin ciki. Mutum yana cikin ƙunci, ko ya daina jin daɗin abubuwan da yake so a da, kusan kullum, na aƙalla mako biyu, tare da matsalar barci, rashin cin abinci, kasala da ganin laifin kai. Ya fi yawa ga mata. A ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana samun matsalar hankali bayan haihuwa, galibi wannan ciwo, saboda haka ka kula da wadda ta dawo daga hutun haihuwa.

Ciwon fargaba. Tsoro da zullumi da suka wuce kima, ba sa barin mutum ya natsu. Wani lokaci yakan zo farat ɗaya da bugun zuciya, gumi da sarƙewar numfashi, har mutum ya ɗauka mutuwa zai yi.

Firgicin bayan masifa. Yana samun wanda ya ga abin tashin hankali ko ya faɗa cikinsa: harin ƴan bindiga, garkuwa da mutane, mummunan haɗarin mota, ambaliya irin ta daminar 2024 da ta rushe gidaje masu yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Abin yana dawo masa a mafarki da ido biyu, yana gudun duk abin da zai tuna masa, kullum a tsorace yake. Mafi yawan mutane suna samun sauƙi cikin ƴan makonni. Idan an wuce wata guda abin bai lafa ba, a nemi likita. Ma'aikatan da suka yi aiki a Diffa, Tillaberi, ko garuruwan bakin iyaka na jihar Maraɗi, da direbobinsu, sun cancanci kulawa ta musamman.

Ƙarewar ƙarfi saboda aiki. A 2019 OMS ta bayyana wannan a cikin kundinta na rarraba cututtuka, ba a matsayin ciwo ba, a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa idan ba a magance shi ba. Alamominsa uku ne: matsananciyar gajiya, fitar aikin daga rai har mutum ya riƙa ganin ba shi da ma'ana, da raguwar ƙwarewa. Ana yawan ganinsa ga masu hidimar jama'a, kamar ma'aikatan cibiyoyin kula da yara masu tamowa a watannin da cibiyoyin ke cika.

Rikicewar hankali. Jin muryoyin da wasu ba sa ji, yarda da abin da ba shi da tushe, magana marar kan gado. Ko kuma ɗoki fiye da kima: kwana da kwanaki ba barci kuma ba gajiya, surutu ba tsayawa, rabon kuɗi ba lissafi. Waɗannan ba su da yawa, amma suna bukatar likita ba tare da jinkiri ba.

Abubuwan da ke kama da ciwon hankali

Kafin ka ɗauka matsalar ta zuciya ce, ka tuna cewa ƙarancin jini, ciwon suga, hawan jini, ciwon maƙoƙo, zazzaɓin taifot da wasu magunguna suna kawo kasala, mantuwa ko saurin fushi. Shi ya sa matakin farko mai kyau shi ne a duba lafiyar jiki gaba ɗaya. Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da awo ke wuce 40 kuma dare ba ya barin barci, yana rage ƙwazon kowa. Haka kwanakin farko na azumi. Wanda aka yi wa rasuwa kuma dole ne ya yi juyayi. Wannan ba ciwo ba ne, sai idan watanni sun shuɗe yana ƙara nutsewa.

Wanda hankalinsa ya rikice farat ɗaya tare da zazzaɓi, sanƙarewar wuya, jijjiga, ko bayan buguwa a kai, a kai shi likita nan take. Yana iya zama zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau.

Ka duba aikin kansa

Idan mutum biyu ko uku a sashe ɗaya suka nuna alamomi iri ɗaya, ka fara bincikar sashen kafin mutanen. Abubuwan da aka tabbatar suna raunana lafiyar hankali a wurin aiki sun haɗa da:

- aiki fiye da ƙarfin mutum, da ƙarancin ma'aikata;
- dogon lokacin aiki da aikin dare ba hutu;
- jinkirin albashi, da kwantiragin wata uku ko shida da ba a san ko za a sabunta ba;
- umarni masu karo da juna, da rashin sanin iyakar aikin kowa;
- wulaƙanci a gaban mutane, nuna bambanci, da matsa wa mata da neman lalata;
- aiki nesa da iyali na tsawon watanni, ko a wurin da babu tsaro.

Binciken da OMS da OIT suka fitar a 2021 ya nuna cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, idan aka kwatanta da aikin awa 35 zuwa 40.

A kan wannan sai ka ɗora nauyin gida. Mai albashi ɗaya yakan ɗauki gidaje da dama. Nauyin yana tsananta daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbuna suka ƙare kuma sabon hatsi bai iso ba, sai lokacin ragon layya da komawar yara makaranta. A waɗannan lokuta ka ƙara buɗe ido.

Yadda za ka buɗe maganar

Wannan shi ne mataki mafi wuya, kuma mafi amfani. Ka zaɓi wuri da lokacin da babu mai jin ku, ka ajiye wayar salula. Kada ka aika a kira shi a gaban mutane kamar mai laifi. Idan mace ce kai kuma namiji, ka zaɓi wurin da ake ganinku amma ba a jin ku, ko ka tambaye ta ko ta fi son magana da wata babbar ma'aikaciya da ta amince da ita.

Bayan gaisuwa, ka faɗi abin da idonka ya gani, ba abin da kake zato ba:

"Malam, shekara huɗu muna tare, ban taɓa ganin ka makara ba. Kwanakin nan na ga kamar akwai gajiya tare da kai. Ba don faɗa na kira ka ba. Lafiya dai?"

"Hajiya, na lura kin rage shiga cikin mutane tun da kika dawo. Idan akwai abin da ya yi miki nauyi a aikin nan, ina so in sani, ko da abin da za mu iya gyarawa."

Sannan ka yi shiru ka saurara. Kusan kullum amsar farko ita ce "ba kome." Kada ka matsa. Ka ce ƙofarka a buɗe take, bayan kwana uku ko huɗu ka sake tambaya. Mutane da yawa sai a karo na biyu ko na uku suke buɗe ciki.

Ka guji waɗannan kalamai: "Kai ba namiji ba ne?" "Kowa ma yana da matsala." "Rashin tawakkali ne." "Ka cire abin daga ranka." Wanda zai iya cirewa da tuni ya cire. Haƙuri da addu'a abin ƙarfafawa ne, amma kada su zama hanyar rufe masa baki. Kada kuma ka ce masa "kana da taɓin hankali," kada ka yi alkawarin da ba za ka iya cikawa ba.

Abin da ya faɗa maka amana ce. Kada ya fita zuwa fada, ko gidanka, ko bakin sauran ma'aikata. Idan dole ne wani na sama ya sani domin a sauƙaƙa masa aiki, ka nemi izininsa, ku yarda a kan abin da za a faɗa. Wuri ɗaya ne kawai ake karya wannan ƙa'ida: idan ransa ko ran wani yana cikin haɗari.

Abin da ke hannunka ka gyara

Ka tambaye shi abin da zai taimake shi, domin shi ya fi sanin inda ke masa ciwo. Sau da yawa ƙananan gyare-gyare sun isa:

- rage masa kaya na ƴan makonni, da tsara masa abin da zai fara yi;
- sassauta lokacin zuwa da tashi, da ba shi damar ganin likita a lokacin aiki;
- cire shi daga aikin dare ko rangadi mai nisa na ɗan lokaci;
- ba shi hutunsa na shekara idan ya taru;
- raba shi da wanda ke muzguna masa, tare da hukunta mai muzgunawar;
- ɗauke direba ko mai aiki da inji daga aikin haɗari har barcinsa ya daidaita, ba tare da taɓa albashinsa ba.

Ku sa ranar da za ku sake zama, kamar bayan mako biyu. Kada ka tura shi gida ya zauna haka kawai idan yana iya aiki, domin aiki mai tsari da zama cikin mutane suna cikin abubuwan da ke warkarwa.

Alamomin haɗari: kada a jira gobe

Fiye da mutum 700,000 ne ke kashe kansu a duniya kowace shekara. Addini da al'ada sun yi hani da wannan, amma hanin bai hana tunanin zuwa wa mai ciwo ba. Sai dai ya sa yana ɓoyewa. Ka ɗauki mataki nan take idan ma'aikaci:

- ya ce gara ya mutu, ko iyalinsa za su huta idan ba ya nan;
- ya fara neman gafara da sallama ba tafiya a gabansa, yana rabar da kayansa;
- ya samu natsuwa farat ɗaya bayan dogon ƙunci, ba tare da wani abu ya gyaru ba;
- ya taɓa yunƙurin cutar da kansa a baya;
- yana barazanar cutar da wani, ko yana jin muryoyi suna ba shi umarni.

Ka tambaye shi kai tsaye cikin taushin murya: "Ƙanena, wannan ƙuncin ya taɓa kai ka ga tunanin raba kanka da duniya?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa sauƙi take kawo masa. Idan ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai. A nisanta shi da maganin ƙwari, maganin ɓera, tarin ƙwayoyi, igiya da makami. OMS ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 20 cikin 100 na masu kashe kansu a duniya maganin ƙwari suke sha, don haka ma'aikatun gona su riƙa kulle ma'ajiyarsa. A kira wani na jikinsa da ya yarda da shi, a raka shi likita a ranar.

Ina za a nufa?

A fara da cibiyar lafiya mafi kusa ko asibitin gunduma, ko likitan ma'aikata idan akwai. Tun 2008 OMS ta ƙaddamar da shirin mhGAP domin likitoci da ma'aikatan jinya da ba ƙwararrun hankali ba su iya gane waɗannan cututtuka su kuma fara magance su. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi gaba. Babban asibitin ƙasa na Yamai yana da sashen masu ciwon hankali, wanda aka fi sani da Pavillon E, haka ma babban asibitin Damagaram yana da nasa sashen.

Magani iri biyu ne: zama da ƙwararre ana tattaunawa bisa tsari, da ƙwayoyin da likita ya rubuta. Ƙwayoyin ciwon baƙin ciki sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, kuma ba a daina su farat ɗaya don an ji sauƙi.

Iyalai da yawa za su fara da malam ko mai maganin gargajiya, suna ganin sammu ne ko iskoki. Kada ka yi musu gardama ko dariya, domin za ka rasa su. Ka ce a ci gaba da addu'a, a kuma ga likita, ɗaya bai hana ɗaya ba. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne ɗaure majinyaci da mari, dukansa, hana shi abinci, ko hana shi shan maganin likita.

Abin da doka ta tanada

Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta lissafa matsin rai, shan taba, shan giya, shan ƙwaya da cutar sida a cikin sababbin haɗurran lafiya a wurin aiki. Ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata nauyin faɗakar da su a kan waɗannan haɗurra da tallafa musu. Ta ƙayyade awa 40 a mako a ma'aikatun da ba na noma ba, da hutun kwana biyu da rabi a kan kowane watan aiki, da hutun haihuwa na mako 14, ta kuma haramta matsa wa ma'aikaci da neman lalata. A 2022 taron OIT ya sanya wurin aiki mai aminci da lafiya cikin haƙƙoƙin ma'aikaci na asali. Domin ƙarin bayani a tuntuɓi ofishin sufeton ƙwadago na jiha.

Bayan an samu sauƙi

Mafi yawan masu waɗannan matsaloli suna warkewa su koma aikinsu kamar da. Ranar dawowa a tarbe shi kamar wanda ya tashi daga kowace irin jinya. A fara masa da aiki kaɗan, a riƙa ƙarawa. Kada ka bari a laƙaba masa suna, kada kuma a hana shi ƙarin girma saboda ciwon da ya wuce. Sauran ma'aikata suna kallo: yadda aka yi da shi ne zai nuna musu ko su faɗi tasu damuwar da wuri ko su ɓoye.

Ranar 10 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar lafiyar hankali ta duniya. Dama ce ta gayyato ma'aikacin lafiya ya yi wa mutanenka bayani na awa guda, kowa ya ji tare, ba tare da an nuna wani da yatsa ba.

Daga ƙarshe, ka sake karanta jerin alamomin nan kana duban kanka. Shugaba ma ma'aikaci ne, kuma sau da yawa ba shi da wanda zai tambaye shi ko lafiya. Idan ka ga barcinka ya ƙaurace, fushinka ya yawaita, aikin da kake so ya fita daga ranka har tsawon makonni, ka nemi wanda ka amince da shi ka faɗa masa, ka kuma je a duba ka.